Mai Cizon Makirufo

Umma ta ajiye yagaggiyar rigata a kan keken ɗinkinta, ta zaro soson makirufo daga aljihun, duk shatin haƙora.

"Auta, yi mini bayani."

Ƙarya ta ƙare. Na ce, "Umma, ki yafe mini. In wata ya cika, rikiɗa nake yi in zama kyarkeci. Muna da ƙungiya ta masu rikiɗa irina, muna haɗuwa a wani tsohon gareji muna gambarar zamani, kowa na rera labarin unguwarsu."

Ko gezau ba ta yi ba. "Soson fa?"

"In baiti ya yi daɗi, sai in manta in kai wa makirufo cizo. Shugabarmu ta rantse in na ƙara, korata za ta yi. Wata tsohuwa ce mai furfurar wutsiya, ba wanda ya san fuskarta ta mutane. Ga faɗa, ga murya kamar injin niƙa."

Umma ta cire tabarau, ta yi murmushi. Sai yau na lura da tsinin fiƙarta.

"Injin niƙa, ko?" Ta miƙo mini ludayi. "Ungo makirufo. Maimaita baitin jiya. Ka cije shi ka gani."