Muryar da Ta Kira Nusaiba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don labarin yayata Lantana ne, kuma har yau yana ba ni tsoro.

Tun da doka ta ce duk gidan da yaro ya fara tasawa sai an sa musu manhaja mai magana, Mai Taya Tarbiyya, a waya, Lantana ke bin shawararta. Da muryar Lantana ma take yi wa yara magana, wai sun fi ji.

Ran nan tana tankaɗe, sai ta jiyo muryar kanta daga wayar a ɗaki: "Nusaiba, gaya min abin da ke damunki."

Rariyar ta suɓuce mata. Nusaiba 'yar farinta ce, kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunan ba, sai dai "ke".

"Inna, ke kaɗai nake iya faɗa wa," yarinyar ta ce wa wayar cikin kuka, ta tura ƙofa ta rufe.

Da safe Lantana ta tsaya bakin ƙofar, ta daure ta ce, "Nusaiba."

"Na'am, Inna," yarinyar ta amsa da fara'a, ba ta ko dubi ƙofar ba, ta juya ta ɗauki wayar.