Wanda Ya Kashe Reshen Maɗaci

"Maƙwabcina ne ya zuba wa maɗacin nan guba," na ce wa mai lambun da na kira. "Ya daɗe yana mitar ganye na cika masa tsakar gida. Ka tabbatar min kawai, yau sai ya san da wa yake yi."

Matata ce ta shuka maɗacin nan. Wata huɗu da rasuwarta farat ɗaya, babban reshensa ya bushe ƙayau.

Mai lambu ya taka kujera, ya shafa bayan reshen, ta inda ido ba ya kaiwa.

"Baba, ba guba ba ce. Sassaƙe aka yi ta ɗiba har aka zagaye shi. In ɓawo ya yanke ta ko'ina, reshe ba ya rayuwa. Mai magani gefe ɗaya yake ɗiba, wannan bai san kan abin ba."

"Ɓarawo ke nan!"

"Mara lafiya dai. Mai matsanancin ciwon ciki ke dafa wannan ɗacin. Dubi sawun wuƙar: tsohon ya kai shekara, kuma duk da hannun hagu aka yanka. Akwai bahago a gidan nan?"

Sai na juya na dubi ƙofar ɗakin matata.

Kafin rasuwarta, shekara guda na yi kwance tana jinyata, kullum da kofinta mai murfi a gefe. In na miƙa hannu sai ta janye da hagunta, tana dariya.

"Shayina ne, malam. Ya yi maka zaƙi da yawa."