Hatimin Bardas a Wuyan Talakawa

"Yau sai an sare maka hannu, ɓarawon banza!" Bardas, ma'ajin cocinmu a Tasalonika, ke faɗa yana jan Zotikos mai gadi da igiya zuwa gaban bishop. Ina biye da su.

Shekarar yunwa ce. Bardas ya ɗaure ƙofar rumbun coci, ya matse dalma a kan ƙullin da awartakin da ke buga hatiminsa, ya ce ba mai taɓa alkama sai ta ƙara tsada. Da safen nan ya tarar rabi babu.

"Ranka ya daɗe, ai hatiminka aka nuna min," in ji Zotikos.

"Rufe min baki!"

Muna shiga, bishop ya taso ya rungume Bardas. Zauren cike yake da talakawa, kowa ya rataya a wuya 'yar dalmar da aka rufe bakin buhun alkamarsa da ita. A jikinta an rubuta: Ya Ubangiji, taimaki bawanka Bardas.

"Ɗana, ka ciyar da unguwa guda a ɓoye! Sunanka suke sawa a addu'a," in ji bishop.

Can baya na hango mahaifiyar Bardas ta kafe shi da ido. Ita kaɗai ke shiga ɗakin da yake ajiye awartakin.

Bishop ya dubi igiyar. "Wannan fa, me ya yi?"

Zotikos ne ya amsa: "Dakon buhunan na yi masa, Uba."

Har Bardas ya mutu, in aka ambaci sunansa a addu'a, ƙasa yake kallo.