Izinin Wuyan Hindatu

Tun da ruwa ya ci rabin garin, aka kafa doka: yaron da aka haifa da kumburi ko 'yar huda a gefen wuya ba a yi masa tiyata sai da izinin Hukumar Ruwa. Wani babba ne ya ji cewa abin dangin wurin numfashin kifi ne, sai ya hango ci gaba.

Malam Ɗanlami ya ɗaure kwalekwalensa a tagar ofishin, ya ɗaga 'yarsa Hindatu.

"Ranka ya daɗe, wurin ya fara ruwa, yarinya ba ta barci. Likita ya ce hannunku kawai yake jira."

Jami'in ya leƙa wuyan, ya yi hamdala. "Za a sa hannu, Malam, da zarar an tabbatar ba ta numfashi a cikin ruwa."

"Yaya ake tabbatarwa?"

Jami'in ya nuna wata ƙatuwar randa, gefenta wani mutum zaune da agogo. "Minti biyar kacal. Har yau ba wanda ya ci, amma ba mu fid da rai ba."

Ɗanlami ya ja rigar Hindatu ya rufe wuyan, ya ce ai yanzu da ya duba da kyau, cizon sauro ne.