Rahoton Lafiya Lau

"Ikara lafiya lau. Makarfi lafiya lau," in ji Zakiyyu mai tallar sabuwar manhaja, yana nuna rahoton kowane sito a allon kwamfuta. "Ma'aikaci ya turo saƙon murya kawai, ita za ta haɗa rahoto."

Alhaji Jumare, mai kamfanin hatsi a Hunkuyi, ya washe baki, ya ɗauki biro zai sa hannu a takardar sayen manhajar.

Manajarsa Hafiza dai hankalinta bai kwanta ba. Rahoton masara ne, me ya kawo "iyali ma ƙalau" a ciki? Ta kunna saƙon Hamisu mai kula da siton Makarfi.

Hamisu ya gaida Alhaji, ya tambayi lafiyar Hajiya da ciwon ƙafarta, ya ce su ma lafiya lau. Can ƙarshe ya ce, "Af, ranka ya daɗe, iska ta yaye kwanon sito, ruwa na zuba kan masara."

Zakiyyu ya sosa ƙeya. "Farkon saƙo kawai take ɗauka."

Alhaji ya yi jifa da biro, ya kira Hamisu a waya a fusace.

"Kai Hamisu! ... Lafiya lau. Ya gida? Ya yaran?"

Manhajar, da ke saurare, ta ƙara layi: Hunkuyi ma lafiya lau.