Hular Da Aka Ɗora Kan Akwati

Ka ce dokokin kwamfutar laburare sun yi yawa, ba ka gane kansu ba, amma ka gyaɗa kai ka wuce. To, ji wannan.

Wani mai ɗinkin hula ne, ya gaji sana'ar wurin ubansa. Uban yana da wani zane nasa na kansa, ya rasu bai koya wa kowa ba. Ran kasuwa sai mutumin nan ya hangi zanen a kan wani tsohon falke, baƙo mai wucewa. Ya bi shi har tasha yana roƙo ya sayar masa da hular, falke ya ƙi. Iyakar abin da ya yarda, a ɗauki hotonta. Mai ɗinki ba shi da waya mai hoto, sai maƙwabcinsa tela ya ɗaukar masa da tasa, gaba da baya da saman kai. Falke ya hau mota, ba wanda ya tambayi garinsu. A waya kuwa zanen ya yi ƙanƙanta, idon mai ɗinki ba ya raba zare da zare. Tela ya ce su je laburare, can akwai kwamfuta mai faɗin fuska, kowa na iya zama. Suka je. Ma'aikaciyar wurin ta rubuta sunan mai ɗinki, ta fara jero masa dokoki. Ba a ci, ba a sha a kan tebur. Kowa da lokacinsa, in ya cika a tashi. Da ta zo kan dokar da ta hana buɗe abin batsa a intanet, sai dattijo ya ji kunya ta rufe shi, ga yarinya sa'ar 'yarsa tana faɗa masa wannan magana. Ya sunkuyar da kai, ya shiga istigfari, kunnensa ya toshe. Dokar da ta biyo baya ita ce tasa: duk abin da aka zuba a kwamfutar nan, da mutum ya tashi sai ya goge, mai son ajiya ya yi magana a taimake shi. Ta ce, "Baba, ka gane?" Ya ce, "Na gane, 'yata." Bai ji komai ba.

Ta jona wayar, hula ta fito a fuskar kwamfuta kamar faifai, tela ya karɓi abarsa ya koma shago. Mai ɗinki ya cire hularsa ya ɗora kan wani akwatin roba da ke gefen tebur, yadda ake ajiye jarka a layin famfo don a san wuri da mai shi. Ya fito da takarda da fensir yana kwafar zanen gida-gida. Bai kai rabi ba fuskar ta yi baƙi. Ya ɗauka wuta aka ɗauke, ya ɗaga kai, ga fanka tana juyawa. Ya duba na kusa da shi, tasu na aiki. Ya shafa kwamfutar, ya ɗan bubbuga ta, ya rasa laifin da ya yi mata. Ashe lokacinsa ne ya cika, sai ga wata ɗaliba tsaye a kansa tana jiran kujera. Ya tashi bai tambayi kowa ba. A ransa ya ce, gidan da ya riƙe littattafai tun kafin a haife ni, ga maigadi ga kwaɗo a ƙofa, ai ba zai kasa riƙe amanar hoto ba. Ya ɗaura koren zare a ƙafar teburin don ya shaida tasa. Da yamma tela ya ce wayarsa ta cika, ko ya share hotunan? Ya ce, "Share abinka, na kai su ajiya."

Da ya dawo ya tarar da wani a kan teburin mai koren zare. Ga kujeru babu kowa, aka nuna masa, ya ƙi, ya ce kayansa na cikin waccan. Ya tsaya har mutumin ya gama. Ya ɗora hula kan akwati, ya zauna. Babu hular ubansa, sai shuɗin fili. Ya jira ko za ta fito da kanta. Ya duba zaren, zarensa ne. Ya ce ko an sauya kwamfutar, ko wanda ya tashi ya tafi da hoton. A nan ne fa ya kira ma'aikaciyar, ta sake faɗa masa dokar, wannan karon ya ji. Yana zaune bakinsa a buɗe, sai ta ce, "Baba, ɗan ɗaga hularka." Ya ɗaga. Akwatin ya yi ƙara, ya turo takarda mai hoto, wata mata ta zo ta ɗauka ta tafi. Ma'aikaciyar ta ce da ya yi magana ran farko, da haka za a fitar masa da nasa, ya tafi da su gida a aljihu.

Hular da ya ɗinka da ɗan abin da ya kwafa tana nan rataye a rumfarsa. Gefe ɗaya zanen ubansa, ɗaya gefen farin yadi. Ya sha gwada ƙarasawa da ka, yana warwarewa.

Kai ma in ka je, abin da ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba. Hausawa sun riga sun faɗa: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.