Bencin Baba mai sheƙi

Har yau warin fenti haushi yake tayar mini. Ana gobe Sallah, ina 'yar shekara takwas, Baba ya ja ni wani shago a unguwar Oforikrom neman fentin bencin da ya ƙera wa falonmu. Duk gwangwanin da aka buɗe sai ya shafa a guntun katako, ya kanga mini a fuska.

"Kina ganin haƙoranki a ciki?"

"A'a, Baba."

"To wannan ba fenti ba ne."

Sai a gwangwani na shida na ga haƙoran nawa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, damina ce fa. Mai sheƙin nan sai ya kwana uku bai bushe a ɗaki ba."

"Ni za ka koya wa katako?"

A daren ya shafa wa bencin fentin, da safe na zauna a kai da sabon leshina, ya manne. Ina ta kuka, Baba kuwa benci yake duba, yana cewa, "Kin kashe mini sheƙi!"

Allah ya jiƙansa. Zanen leshina na nan a jikin bencin, ban huce ba, kuma na hana kowa sake masa fenti.